Biza Ba Ta Da Dillali, Mu Daina Kai 'Yan Uwanmu Mayanka

 Yau faɗa na zo da shi, kuma da mu nake, mu 'yan Arewa mazauna Agege da kewayenta. Wanda abin ya sosa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe.

Da Ƙaramar Sallar da ta wuce na je gida Bulkachuwa. An sauko daga idi, ana zaune a zaure ana ta shigowa gaisuwa, sai na lura ɗan wana bai shigo ba. Yaro ne mai neman na kansa, ya daɗe yana bin ƙauyukan ƙasar Katagum yana sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Dawanau a Kano. Na tambayi Yaya ina yake, sai ya ce, "Bari sai dare." Da dare ya zayyana mini komai. Yaron ya so ya je ƙasar Sin ya ga injin tace riɗi da idonsa kafin ya saya. Aka ba shi lambar wani wai shi ejan a Legas. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya jinginar da gona, ya tura kuɗi, ya ba direban mota fasfo ɗinsa ya kai. Wata takwas ke nan, ba biza, ba kuɗi, ba fasfo, lambar ma ta daina shiga. Kunya ce ta hana shi fitowa ranar Salla.

Na ce, "Yaya, wa ya ba shi lambar?" Ya dube ni ya ce, "Ai ɗan garinmu ne na can wajenku. Shi ya ce ya san mutumin."

Wannan jimlar ce ta hana ni barci. Mutanen gida sun ɗauka duk wanda yake zaune a Legas ya san ƙofar kowane ofishin jakadanci. Su kira mu, mu kuma don kada a ce ba mu sani ba, sai mu ce, "Akwai wani mutumina." Daga nan an gama da bawan Allah. Ɓarawon yana da laifinsa, amma mu ne muke buɗe masa ƙofar gida.

Na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, kuma asalinta mai kyau ne. Kakanninmu fatake sun ci kasuwar goro har Salaga a ƙasar Gwanja ba su riƙe da takardar kowa. Zangon Kumasi, da Sabo na Ibadan, da wannan namu na Agege, duk a kan amana suka tsaya. Baƙo ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ya sauke shi, ya ci da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa. In mai saye ya ci bashi ya gudu, maigida ne zai biya. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne maigida yana da gida, yana da iyali, yana da suna da zai ɓaci. To ejan ɗin biza fa, me yake da shi? Lambar waya da hoton jirgi a WhatsApp. Mun ɗauki amanar da ake ba maigida mun miƙa wa wanda ko unguwarsa ba mu sani ba.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. Mutum ɗaya ne yake yanke hukuncin a ba ka biza ko a hana ka, shi ne jami'in ƙasar da kake son zuwa. Hatta manyan kamfanonin da ake kai wa takardu, irin su VFS Global da TLScontact, aikinsu karɓar takardu ne da ɗaukar hoton yatsu su miƙa, ba su da ta cewa a hukunci. In waɗannan ba su iya ba da biza, ta yaya wani mai ofis a cikin jakar hannu zai ce maka "na ba ka tabbaci"? Amurka da Ingila da ƙasashen Turai na Shengen duk sai mai nema ya je da ƙafarsa an ɗauki yatsunsa. Wanda ya ce ka zauna a Azare ka aiko fasfo a mota zai kawo maka bizar Ingila, wallahi ƙarya yake, tun daga nan ka kama gabanka.

Kuɗin ma ba ɓoyayye ba ne. Daga 1 ga Satumba 2025, fasfon Najeriya mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Kuɗin neman bizar ziyara ko kasuwanci ta Amurka dala 185 ne tun Yunin 2023. Na Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024. Duk suna rubuce a shafukan intanet na ƙasashen. Saboda haka in aka ce ka kawo miliyoyi, ka tambaya a rubuta maka na mene ne da na mene ne. Za ka ga an fara kame-kame.

To me ejan yake sayarwa? Abu uku ne. Na farko iska, kamar yadda aka yi wa ɗan wana, a karɓi kuɗi a kashe waya. Wannan ma shi ne mai sauƙi, don dukiya ce kawai ta tafi.

Na biyu takardun jabu. Ya buga maka bayanan asusun banki na ƙarya, ya ƙirƙiro takardar gayyata daga kamfanin da babu shi, ya rubuta kai manajan wani wuri ne alhali ko ƙofar wurin ba ka taɓa gani ba. Amma sa hannun da yake ƙasan fom ɗin na wa ne? Naka. In aka gane, kuma suna kiran banki su tambaya, Ingila takan hana mutum shiga har shekara goma saboda yaudara. Dokar Amurka ta fi haka tsanani, wanda aka kama da ƙarya a neman biza hanin na har abada ne. Canza fasfo ko canza suna ba ya fid da kai, don yatsunka suna ajiye, kuma ƙasashen Shengen 29 rumbu ɗaya suke dubawa. Ejan ya ci kuɗinsa ya koma kan wani, kai kuma an rufe maka ƙofa tun ba ka san abin da aka rubuta da sunanka ba.

Na uku, bizar gaske amma ba ta abin da za ka je yi ba. Wannan ta fi cin mutanenmu a hanyar Saudiyya. A ba mutum bizar ziyara a ce, "Ka lallaɓa ka zauna har Hajji, kowa haka yake yi." A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, galibi saboda tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji, wato ba su da tanti, ba su da motar da za ta ɗauke su. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini, a koro shi, a hana shi komawa shekara goma. Kun kuma tuna Nuwamban 2023, lokacin da jirgi ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, aka dawo da 177 daga filin jirgi? Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba wajen samo musu irin bizar da ba ta dace da su ba. Nawa ne a cikinsu suka cike fom ɗin da hannunsu? Ku tambayi kanku.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ai su ma ofisoshin jakadancin zalunci suke yi, in ba ka bi ta bayan gida ba ba za ka samu ba." Rabin maganar gaskiya ce, kuma ba zan kare su ba. A 2024 kusan rabin 'yan Najeriyar da suka nemi bizar Shengen an hana su, kuma ko sisi ba a mayar wa kowa ba. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizarmu ta wata uku, shiga ɗaya, bayan a da tana ba da ta shekara biyar. Dubai ta rufe mana ƙofa daga 2022 sai Yulin 2024 aka buɗe. Ofisoshin kuwa galibi Abuja da Legas suke, mutumin Bulkachuwa sai ya yini a mota, ya biya masauki, ya tsaya layi, a sallame shi cikin minti uku. Fom da Turanci, a intanet. Ɗan kasuwar da yake juya buhu ɗari na riɗi da tsabar kuɗi a aljihu, a takarda talaka ne, don bankinsa bai san shi ba. Duk wannan haka yake, kuma ya kamata gwamnatinmu ta riƙa ɗaga murya a kai.

Amma ku gaya mini, wanne ne daga cikin waɗannan ejan ya gyara? Ƙara dagula shi yake. Kowace takardar jabu da aka kama mai koren fasfo da ita, ɗan kasuwa na gaskiya da zai zo bayansa shi zai biya, don da idon tuhuma za a dube shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu kuma za su ce, "To wanda bai yi boko ba fa, ya zai yi?" Tambaya ce mai kyau. Neman taimako ba laifi ba ne. Akwai kamfanonin tafiye-tafiye na gaskiya, masu ofis da rajista, kuma harkar Umara da Hajjin jirgin yawo sai ta hannun waɗanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi. Hajjin gwamnati kuwa ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Bauchi nan. Gane na gaskiya ba wuya. Zai karɓi ladan aikinsa ya ba ka rasit. Kuɗi a asusun kamfani za ka zuba, ba na wani mutum ba. Zai karanta maka abin da ya rubuta kafin ka sa hannu. Kuma ba zai taɓa ce maka tabbas za a ba ka ba. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin huɗun nan, ka riƙe kuɗinka.

Ɗan kasuwar da yake da niyyar fita da gaske, shirinsa tun daga gida yake farawa, kuma ba ya wuce ƙarfinsa. Ya yi wa kasuwancinsa rajista a hukumar CAC. Ya buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ya riƙa bi da cinikinsa ta ciki, don galibi bayanan wata shida ake nema, kuma kuɗin da aka ranto aka zuba dare ɗaya ana gane shi. In fitar da kaya zai yi, ya yi rajista da hukumar NEPC. In Sin za shi, akwai baje kolin Kanton da ake yi a Guwanzu sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, ana neman takardar gayyatarsa ta hanyar masu shirya shi. Ya yi allurar shawara ya karɓi katinta. Ya faɗi gaskiyar abin da zai je yi da ranar dawowarsa. Za a iya hana shi duk da haka, amma sunansa yana nan da tsabta, gobe zai sake nema. Sannan kada a manta, tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Gana ko Togo ko Benin har kwana 90. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin bizar Kwatano, ɓarawo ne da rana tsaka.

Abin takaici, garin da ya fitar da Sanata Adamu Bulkachuwa, wanda ya shugabanci kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa a zangon 2019 zuwa 2023, ƙasar da take da jami'a da manyan makarantu a Azare da Gadau, a ce har yau yaranta suna miƙa fasfo ga direban mota. Masu ilimin muna da su. Haɗa su da mabuƙata ne ba mu yi ba.

Don haka ga roƙona ga Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da ƙungiyoyinmu na 'yan ƙasar Katagum. Na ɗaya, a dawo da dokar kakanni: duk wanda ya haɗa ɗan uwa da ejan, ya zama shi ne mai lamuni, in kuɗi ya salwanta shi zai biya. Ku ga in "akwai wani mutumina" ba ta ragu ba. Na biyu, 'ya'yanmu da suka gama jami'a suna zaune, a ba su tebur da kwamfuta a ofishin ƙungiya ko da ranar Asabar ce kaɗai, su riƙa karanta wa mutane sharuɗɗa da Hausa suna taya su cike fom, a biya su abin da ya dace. Na uku, limamanmu na nan da na gida su faɗa a kan mumbari cewa takardar banki ta jabu shaidar zur ce, ko da Makka za a je da ita. Na huɗu, mu daina rufa wa ɓarawo asiri da sunan kunya. A kai ƙara wurin 'yan sanda, EFCC ma tana da ofis a Legas da Kano da Gombe. Shirun da wanda aka cuta yake yi shi ne jarin macuci.

Da na dawo Legas na nemi ɗan garin namu da ya ba da lambar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ƙaddara ce." Na ce masa na yi imani da ƙaddara, amma shanun huɗa biyu ba ƙaddara ce ta karɓi kuɗinsu ba, mutum ne, kuma kai ka nuna masa hanya. Mun yi da shi zai biya rabin kuɗin jinginar gonar kafin damina, a gaban dattawa biyu. Shi kuma ɗan wana ya kai rahoton ɓatan fasfo ɗinsa, ya buɗe asusu, ya fara daga farko. Ranar da takardunsa suka cika, ni da kaina zan tare shi a tasha in raka shi har bakin ƙofar ofishin.

Wanda aka kira daga gida gobe aka ce ya nemo mai biza, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Allah ya tsare mana mutuncinmu da guminmu. Wassalam.