Kafin Ka Yar Da Na'ura, Duba Bakin Wutarta



Yau ba zancen waya kai tsaye za mu yi ba, amma ciwon ɗaya ne. Ra'ayina shi ne: da yawa cikin kayan wutar da muke jefarwa lafiyarsu ƙalau, bakin da wuta ke shiga ne kawai ya lalace. Ƙullin waya da leda kuma ba gyara ba ne.

Kwanan baya wani dattijo masunci daga wajen dam ɗin Goronyo ya shigo shagona da fitilar kwale-kwalensa mai aiki da batir na bolt 12. Ya ce, "Ɗana, wagga fitila ta mutu mini tsakiyar ruwa da dare, da ƙyar na gano gaɓa. An ce in sayi sabuwa." Na ce, "Baba, bari mu duba tukuna." Ina sa mita, wuta na zuwa har bakin fulogi, daga nan ta tsaya. Da na buɗe, ƙarfen ciki ya yi kore shar da tsatsa, wayar kuma zare biyu kacal suka rage. Fitilar ba abin da ya same ta.

Wannan ba a wajenmu kaɗai ba ne. Masu ƙananan jiragen ruwa a Turai da Amurka suna da wata na'ura da ake maƙalawa a sandar juya jirgi, ita ke riƙe hanya da kanta in matuƙi ya gaji. Kamfanoni irin su Raymarine da Simrad ke yin ta, tana aiki da bolt 12, ga tsada. Duk da haka fulogin wutarta yana waje, ruwan gishiri na dukansa, ƙafa na take wayar. In ya ci tsatsa, na'urar sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Masu hankali cikinsu fulogin suke canzawa, ba na'urar ba. To mu da kuɗin bai ishe mu ba, me zai sa mu fi su saurin zubarwa?

Ga dalilin da ya sa baki ke fara mutuwa. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ba su kama sosai ba, wuta na shan wahalar wucewa, wahalar nan kuma zafi take zama. Ɗauki kaya mai wat 60 a kan bolt 12: yana jan amfiya 5. In tsatsa ta ƙara turjiya ta om 0.2 kacal, ka yi asarar bolt 1 a nan, kuma wajen na fitar da zafin wat 5 a wuri kamar ƙwayar gero. Roba ta narke, ƙarfe ya ƙara saki, zafi ya ƙaru. Haka bakin cajin wayarka ke yi in ya cika da ƙura kana ta danna caja da ƙarfi.

Yanzu ka duba yankinmu. Daga Goronyo zuwa Wurno har Rabah, rayuwa a bakin gulbi da fadamu take: masunta, masu noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. Batir da sola sun shiga ko'ina, ga damshi, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Wanda famfon solarsa ya tsaya kwana uku a tsakiyar rani saboda fulogi ɗaya, albasarsa ce za ta biya.

Ga yadda nake yi, kai ma za ka iya:

1. Cire wayar batir tukuna. In sola ce, kashe na'urar kafin ka zare fulogin MC4, don zare shi wuta na gudu yana haifar da tartsatsi mai ƙona ƙarfen.
2. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka yanke komai. Ja ita ce (+), baƙa (−), amma kar ka yarda da launi kawai, gwada da mita. Juya su na iya ƙona allon na'ura nan take.
3. Yanke waya baya har sai ka ga jan ƙarfe mai sheƙi. In ya yi baƙi, dalma ba za ta kama ba.
4. Sa sabon fulogi mai ɗaukar amfiyar kayanka, ka haɗa da dalma ko ka matse da kyau.
5. Rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Salatif na warwarewa a rana.
6. Sa fis kusa da batir. In ya ƙone, nemi dalili, kar ka ɗaure shi da waya.
7. Ɗaure wayar don nauyi kar ya sauka kan fulogi, ka bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai baki. Ɗan basilin a kan sandunan batir na rage tsatsa.

Na san wani zai ce, "Malam, ni ina gona, ina zan ga dalma?" Gaskiya ne. Ƙulla ka gama aikin ranar, ba laifi. Laifin shi ne ƙullin kwana ɗaya ya shekara. Wani kuma zai ce sabo ya fi kwanciyar hankali. In allon ciki ya ƙone ko ruwa ya kwana a ciki, ni da kaina zan ce ka saya. Amma sabuwar na'ura a kan ruɓaɓɓiyar waya, ciwon nan dai zai dawo.

Mu ma masu gyara mu ji tsoron Allah. In fulogi ne, a ce fulogi ne, kar a ce wa mutum "ta ƙone" don a sayar masa da wata.

Baban nan ya tafi da fitilarsa, na ƙara masa fis. Yau da yamma kai ma taɓa fulogin batirinka yana cikin aiki. In ka ji zafi, kar ka jira dare.