Filin Mata: Tarwada Nawa Za A Zuba A Tanki?

'Yan'uwana mata, murjanin nan da muke ɗaurawa a wuya asalinsa halitta ce mai rai cikin teku. A Turai akwai masu kiwon danginsa cikin akwatin gilashi, sun kuwa san in an cusa su da yawa, wani yakan harbi wani, ko ya tare masa haske har ya mutu.

To, haka tarwada take, wadda wasunmu a Tambuwal da Kebbe ke kiwo cikin tankin roba. Mai sayar da 'ya'yan kifi zai ce ki zuba 300, don ba su fi ɗan yatsa ba. Kada ki yarda, cinikinsa yake dubawa. Ki auna da girman da za su yi bayan wata 6, watau wajen kilo ɗaya kowace. Tanki mai lita 1,000, ni dai ban so ya wuce 80 ba. In sun cunkushe, kashinsu ya ɓata ruwa, manya su haɗiye ƙanana, kuɗin abinci ya tafi banza. Ga zafin Afrilu, ga wuyar ruwa.

Duk mako biyu ki ware manya dabam. Ruwa in ya soma wari, ki sake shi ran nan.