Uwargida da Tukunya: Ba Nama Kaɗai Ke Gyara Miya Ba

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan naman shanu, wanda da yawanmu muke ganin idan babu shi a miya, to girki bai cika ba.

Ko kin san kafin a samar da kilo ɗaya na naman shanu, masana sun ƙiyasta ana cinye ruwa kimanin lita 15,000? Mafi yawansa yana tafiya ne wajen noman ciyawa da hatsin da saniya ke ci. Haka kuma duk lokacin da saniya ta yi gyatsa tana fitar da iskar methane, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa kiwon dabbobi ne ke haifar da kashi 14.5 cikin ɗari na irin wannan gurɓatacciyar iska da ɗan'adam ke jawowa, kuma shanu ne kan gaba. A ƙasar Brazil, galibin dajin Amazon da aka sare an mayar da shi makiyayar shanu ne.

Gaskiya ne mu a nan ba mu kama ƙafar mutanen Amurka ko Ajantina wajen cin nama ba, kuma kiwon Bafulatani daban yake da na manyan gonakinsu. Sai dai a biranenmu an fara ɗaukar yawan nama a matsayin alamar wadata. Da rana nama, da dare tsire ko balangu, ga kilishi a jaka. Nama halal ne, wuce gona da iri ne abin gudu. A 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ja kunne a kan yawan cin jan nama, musamman wanda aka sarrafa, saboda alaƙarsa da ciwon dajin hanji.

Abin daɗin shi ne, madadin yana cikin kicin ɗinki. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Ga alale, ga ƙosai, ga gurjiya, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga daddawa mai ba miya ɗanɗano. Ita kuwa awara da muke rainawa, mutanen Sin da Japan sun daɗe suna girki da ita. Ki soya ta sama-sama, ki yanka ƙanana, ki zuba a miyar dage-dage ko ta alayyafo idan ta kusa nuna. Ki riƙa haɗa wake da tumatir ko ki matsa lemon tsami, hakan na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini.

Amma a kula, mai juna biyu da mai shayarwa da yara ƙanana suna buƙatar nama, ƙwai, kifi ko nono, domin bitamin B12 ba a samunsa a wake.

Ki gwada ware kwana biyu ko uku a mako ba tare da naman shanu ba. Kuɗin cefane zai yi auki, maigida ma zai ji sauƙi a aljihunsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah ya bar mu da iyalanmu lafiya.