Ana So Ana Kaiwa Kasuwa

Akwai wata ɗabi'a da ta tsaya mini a rai duk makon nan, ita ce ta mutumin da waƙa za ta ratsa shi, ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin tebur, amma kafin ya buɗe baki ya ce tana da daɗi sai ya fara ba da haƙuri. Turawa har suna suka raɗa wa abin, wai daɗin da ake jin kunyarsa, sai ka ce wanda aka kama da hannu dumu-dumu a tukunyar miya. Mu ba sai mun ari sunansu ba, da ma muna da namu: ana so ana kaiwa kasuwa. Kuma ban san waƙar da aka fi kaiwa kasuwa alhali ana mutuwar sonta ba kamar "Africa" ta ƙungiyar Toto ta Amurka, wadda ta fito a 1982. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, an saurare ta fiye da sau biliyan ɗaya a Spotify kaɗai, amma har gobe masu ganin kansu a matsayin masana kiɗa ba sa ambatonta sai da murmushin gefen baki. Ni dai ra'ayina ba mai lauje cikin naɗi ba ne. Waƙar nan gwanintar kiɗa ce, kuma wanda ke jin kunyarta bai saurare ta da kyau ba, ko ya saurara yana tsoron abin da mutane za su ce.

Bari in fara sallama wa masu suka abin da yake nasu, don kada a ce na rufe ido. Baitukan waƙar ba su da kan gado. David Paich, wanda ya rubuta ta tare da makaɗin gangunansu Jeff Porcaro, bai taɓa taka ƙasar Afirka ba lokacin da ya yi ta. Afirkarsa ta talabijin ce, da ta labaran da ya ji daga malamansa na makarantar Katolika waɗanda suka yi aikin mishan a nahiyar. Shi ya sa ya ɗauko dutsen Kilimanjaro ya dasa shi a kan dajin Serengeti, alhali duk da su biyun suna Tanzaniya, akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, sannan ya rasa abin kwatanta dutsen da shi sai wani dutsen Girka wanda bai kama ƙafarsa a tsayi ba. Babu gari ko ɗaya a waƙar, babu mutum mai suna. Hoton bidiyon ma a ɗakin karatu aka yi shi, da mashi da abin rufe fuska, irin Afirkar shagon 'yan yawon buɗe ido. Hatta Steve Lukather, mai kaɗa musu jita, ya sha faɗa cewa kalmomin sun ba shi dariya, kuma saura ƙiris a bar waƙar a waje; a ƙarshen faifan Toto IV aka maƙala ta. Duk wannan na yarda. To, sai me? Waƙa ba jarrabawar labarin ƙasa ba ce.

A nan ne tsohon ƙorafina zai sake dawowa. Mun saba auna waƙa da baki kawai, mu manta da hannu. Ka ce wa kowane Bahaushe ya lissafa maka waƙoƙin Shata goma, kafin ka rufe baki ya gama. Ka ce ya faɗa maka sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙa matsa kalangu a bayansa shekara da shekaru, sai ya fara sosa ƙeya. Kundayen digiri da ake rubutawa kan mawaƙanmu, akasarinsu jigo ne da salo da zubi da tsari, duk a kan kalmomi, kamar a takarda aka haifi waƙoƙin. Amma kuma mu ne dai muka kwashe zamani muna rausayawa da muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da mun san abin da suke faɗa ba. Kunnenmu ya daɗe da sanin cewa rauji da kiɗa suna da nasu zancen, alƙalaminmu ne ya ƙi yarda. Wanda ya zo wa "Africa" da wannan alƙalami zai tsaya a kan Kilimanjaro ya yi ta dariya, bai ko leƙa inda aikin yake ba.

Aikin yana cikin ganga. Shekarar 1982 lokaci ne da na'urar buga ganga ta fara mamaye situdiyo a Amurka, ka danna mata maɓalli ta yi ta bugu ba gajiya ba kuskure. Porcaro ya san da ita, kuma cikin 'yan mintoci da ta ba shi abin da yake nema. Sai ya ƙi. Ya zauna da gangar ƙafa da ƙaramar gangar gabansa da faifan ƙarfen nan biyu masu haɗe baki, Lenny Castro ya zauna daura da shi da konga, suka yi ta kaɗa abu ɗaya na mintoci, babu agogon da ke ƙirga musu taku. Daga nan suka koma suka saurara, suka tsamo ɗan gutsuren da ya fi zama daram, aka ɗora masa ƙararrawa da kacau-kacau, aka yanke tef ɗin da reza aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, ya riƙa zagayawa. Abin da kake ji a ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe ke nan: hannun mutum biyu a daidai lokacin da suka fi fahimtar juna, an kama shi an hana shi wucewa. Na'ura tana sauke kowane bugu a kan layi cif. Hannu kuwa yana ɗan jinkirta wani, ya ɗan gaggauta wani, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma a cikin wannan 'yar tazara ce jiki yake samun wurin rausaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu biyu da suka daɗe tare ya san abin da nake nufi. Porcaro ya ce tun yana yaro ya ga makaɗan Afirka a babban baje kolin duniya da aka yi a New York a 1964, ya ga yadda kowa ke riƙe da bugunsa guda ɗaya yana maimaitawa har abin ya zama kamar bori, kuma wannan ne ya nema ya kamo. Bai kamo wani takamaiman kiɗan wata ƙabila ba, ni ma ba zan ce ya yi ba. Ya dai fahimci darasin, wato maimaici ba talauci ba ne idan abin da ake maimaitawa yana da rai.

Sai kuma ginin da aka ɗora a kai. Waƙar tana buɗewa da wata 'yar jimla ta fiyano mai kaurin sauti kamar kakaki daga nesa, wadda Paich ya buga da Yamaha CS-80, sannan wani sauti mai kama da ƙwanƙwasar itace ya amsa mata, shi ma daga wata Yamahar aka tatso shi ana kwaikwayon kalimba. Ka lura da abin da jimlar nan take yi bayan an fara waƙa. Ba ta tafi ba. Duk sa'ad da mawaƙin ya kai ƙarshen layi sai ta faɗo masa, ya ja wani layin ta sake faɗowa. Wannan ai amshi ne, fiyano ce ta zama 'yan amshi, kuma shi ya sa kunnen da ya tashi da jagora da 'yan karɓi yake samun wurin zama a waƙar nan tun kafin ya san me ake cewa. Paich ne ke rera baitukan, da murya ƙasa-ƙasa ta mai magana da kansa cikin dare, a kan haɗe-haɗen sauti masu yawo, waɗanda ba sa barin ka san inda za a sauka. Ana cikin haka sai gangunan su yi wata 'yar gangara, sai Bobby Kimball ya karɓe da murya can ƙololuwa, wasu muryoyin jere a bayansa, ciki har da ta Timothy B. Schmit na ƙungiyar Eagles. Kowa yana jin kamar an ɗaga shi sama a wurin nan. Abin mamakin shi ne, abin da 'yan situdiyo ke kira ki ba hawa ya yi ba, sauka ya yi, daga B zuwa A. Ƙasa ta yi ƙasa, murya ta yi sama, sai fili ya buɗe a tsakani. Mawaƙin kasuwa idan yana son ya motsa ka, ƙara ki yake yi a amshin ƙarshe, dabarar da kowa ya gaji da ita. Waɗannan sun bi ta baya, kuma ko mutum bai san sunan abin ba, ƙirjinsa yana ji.

Za a ce ai amshin nan haɗin sauti huɗu ne da aka yi dubban waƙoƙi da su. Haka ne, kuma da gangan ne. Bayan an yi ta yawo da kai a baiti, dole a sauke ka a inda ka sani, inda ɗan tasi da farfesa za su iya buɗe baki tare. Gwanin magini ba ya yi wa ƙofar shiga ado har a rasa inda za a bi.

Sukar da ta fi ba ni haushi ita ce wadda marubutan mujallun kiɗa na wancan zamani suka kafa, 'yan bayansu suka gada ba tare da bincike ba: wai Toto 'yan ƙwadagon situdiyo ne, sun iya hannu amma ba su da zuciya, komai nasu sumul kamar an goge da man shafawa. A duba su wane ne ake faɗa wa haka. Porcaro yana ɗan shekara ashirin ya yi wa Steely Dan kiɗa a faifan Katy Lied, mutanen da suka yi suna wajen sallamar makaɗi kan kuskuren da babu mai ji sai su. Paich da shi suna cikin waɗanda suka gina Silk Degrees na Boz Scaggs a 1976. A shekarar da "Africa" ta fito, su ne dai Quincy Jones ya kira aikin Thriller na Michael Jackson: Porcaro ne a kan ganga a "Beat It", Lukather ne ya riƙe jitar da ke ɗauke da waƙar, Steve Porcaro kuma, wanda shi ma ɗan Toto ne, shi ya tsara raujin "Human Nature". Ban taɓa jin wanda ya ce yana jin kunyar son Thriller ba. Hannuwa ɗaya ne, gari ɗaya, shekara ɗaya. Ashe idan sun yi wa wani aiki gwanaye ne, idan sun yi wa kansu sai su zama marasa zuciya? Wannan ba nazari ba ne, raini ne irin wanda ake yi wa mai sana'a idan ya ce shi ma yana da ta cewa. An ƙirƙiro wata aƙida cewa kiɗan rok na gaskiya sai da ƙazanta da ihu da jita mai karce kunne, duk wanda ya iya abinsa tsaf to munafuki ne. Aƙidar yara ce, kuma manya ne suka rubuta ta. Jama'a dai ba su saurare su ba: waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a watan Fabrairun 1983, ita kaɗai ce Toto ta taɓa kaiwa can, faifan Toto IV kuma ya kwashi kyautar Grammy shida.

Akwai mai cewa, in Afirka kake so ka ji, ai a 1982 ɗin ne King Sunny Ade ya fitar da Juju Music ga kasuwar duniya, ga Fela yana kan ganiyarsa. Gaskiya ne, a saurare su, sun fi Toto sanin nahiyar nesa ba kusa ba. Amma kunne ba gidan haya ba ne da sai wani ya fita wani zai shiga. Kuma in ana neman waƙar Turawa da ta ci mutuncin nahiyar nan, a nufi wadda taurarin Birtaniya da Ireland suka haɗu suka yi a 1984 da sunan taimakon Habasha, wadda ta mai da nahiya guda kango. Laifin Paich jahilci ne na mai sha'awa daga nesa.

Abin da ya faru da waƙar a 'yan shekarun nan shi ya ƙara tona asirin masu kai ta kasuwa. Matasan intanet sun ɗauke ta a matsayin abin barkwanci, ana saka ta ana dariya, ana nuna ai da wasa ake. A 2018 wata yarinya ta dame ƙungiyar Weezer a Twitter har suka sake rera ta, ta kuma ba su nasarar da suka daɗe ba su gani ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka, aka ce, sai ka mai da shi wasa. Babu wanda ke sauraren abu sau ɗari don raha. Raha sau biyu take ta mutu. Kuma ta Weezer ɗin ma shaida ce a wurina. Sun bi raujin sawu da ƙafa, kalmomin nan dai su ne da Kilimanjaronsu, sun ma ƙara wa amshin nauyin jita. Amma ka jera su biyun ka saurari sakan talatin na farko kawai, kafin kowa ya buɗe baki. Ta 2018 tana tafiya ne kamar soja a fareti. Ta 1982 tana tafiya kamar mace da tulu a ka, kafaɗa a tsaye, ƙugu na lilo.

Jeff Porcaro ya rasu a 1992 yana da shekara 38. A 2019 wani mai fasaha, Max Siedentopf, ya kai lasifika shida cikin hamadar Namib ta Namibiya, ya haɗa su da na'urar da babu komai a cikinta sai wannan waƙa, ya jona musu hasken rana, ya tafi bai faɗi takamaiman wurin ba. Jaridu sun ɗauki labarin a shafin ban dariya, kamar yadda aka zata. Shi da kansa ya ce yashi da zafin wurin za su cinye kayan wata rana.