Doki ba buhun gero ba ne

Kowace shekara, daga ƙarshen damina zuwa buɗe lakwal a watan Oktoba, takardar canjin wurin aiki, wadda ma'aikata ke ce ma afektasiyo, takan tashi gidaje da dama. Malamin da ya shekara goma a Yamai sai a tura shi Damagaram, ma'aikacin duwan ya bar Ƙwanni ya nufi gabas. Ƴan kasuwa ma sukan yi irin wannan ƙaura in ciniki ya koma wani gari. Iyali su shiga motar fasinja, gadaje da tukwane su hau kamiyo. Sai ranar tafiya ake tunawa da dokin da ke turke, da kare, da kyanwa, da tattabarun yara, a nema masu wuri a bayan katifu.

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Maradi da Tasawa. Jirgin ƙasa babu: dogon da aka fara shimfiɗawa tsakanin Yamai da Doso a 2014 bai shiga aiki ba. A da, ɗan barga ke hawan dokin ya bi da shi zango zango, kilomita talatin ko arba'in a yini, ya kai shi cikin wata guda. Yau ba mai wannan haƙuri. Saura kamiyo, kuma nan wahalar take, domin direba kuɗin tafiya aka biya shi, ba na kwanaki ba. Burinsa ya sauke kaya ya samo lodin komawa. Doki kuwa tsayawa yake bukata. In ba a yanke wannan magana tun wurin ciniki ba, aka ƙara ma direba abin da zai sa ya yarda da zango biyu, a hanya maganarsa ce za ta ci.

Mai kallo daga waje yana zaton dokin da ke cikin mota hutawa yake. Aiki yake yi. Duk birki, duk kwana, duk ramin gudura, sai ya tokare da ƙafafu huɗu don kada ya faɗi, kuma haka zai wuni. Shi ya sa fataken shanu ke zuba yashi da kara a ƙasan kamiyo: ƙarfen da fitsari ya jiƙa santsi gare shi. Doki ya fi saniya bukatar wannan shimfiɗa, ya kuma bukaci katako mai ƙarfi da zai raba shi da kaya, don kabad guda da ya zame ya isa ya karya masa ƙafa. Wajen hawa, a ja motar da baya ta jingina da tudu irin na kasuwar dabbobi, ya shiga da ƙafarsa. Sirdi da linzami su tafi cikin buhu. Ragama ta wadatar.

Wani kuskuren da ke kashe dawaki shi ne wanda ake yi da sunan tsaro, wato ɗaure kan doki sama da gajeruwar igiya. Doki sai ya sunkuyar da kai majina da ƙurar da ya shaƙa suke fita daga maƙogwaronsa. In ya yi awoyi masu yawa kai a ɗage, ga ƙurar harawa, ga hayaƙin gazuwal, abin sai ya gangara cikin huhu. Likitocin dabbobi sun san wannan ciwo, zazzaɓin tafiya suke ce masa, kuma haɗarinsa yana ƙaruwa da tsawon hanya. Abin takaici, sau da yawa ba ya nuna kansa a mota. Doki ya sauka garau, maigida ya yi ma direba godiya har da tukuici, bayan kwana biyu ko uku a ga ya ƙi ci yana huci, sai a ce sammu ne ko baƙin wuri.

Ruwa ma haka. Doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a yini, fiye da haka a zafin Afirilu da Mayu, amma yakan ƙi ruwan da bai saba da warinsa ba. A ɗauko jarkoki daga rijiya ko famfon gida, a miƙa masa duk bayan awa huɗu. Gero da dawa a rage su tun jajibirin tafiya, a bar shi da ciyawa da harawa da aka yayyafa ma ruwa. Hatsi mai yawa a cikin dokin da bai sha ba ciwon ciki yake jawowa. A tashi da asuba, a kwana a Ƙwanni, wadda ke kusan tsakiyar hanya, a sauke shi ya taka ƙasa.

A wurin kwana kada a haɗa shi kwamin sha da dabbobin da ba a sani ba. Makiyaya ba su manta da murar da ta ɓarke a ƙarshen 2018 da cikin 2019 ba, wadda ta kashe dubban jakuna a Nijar da maƙwabtanta. Takardar lafiya daga likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo tana rage dogon surutu a shingen jandarma, amma babban amfaninta shi ne a duba dokin kafin ya hau, don mai tari ba ya tafiya.

Ƙananan dabbobi zancensu gajere ne, ko da yake su yara suka fi yi ma kuka. Kare a yi masa allurar haukan kare, a riƙe katinsa, a sa shi cikin akwati mai ramuka a inuwa. Wanda aka ɗaure da igiya bisa kaya yakan yi tsalle ya rataye kansa. Kyanwa sai kwando mai murfi, kuma a sabon gida a kulle ta ɗaki kamar mako biyu, in ba haka ba ta fita neman tsohon gida ta ɓata. Tattabaru manya, in aka sake su da wuri, tsohon akurkinsu za su nufa. Gara a bar ma maƙwabta su, a tafi da ƴan shila.

In an isa, doki ya huta kwana uku zuwa mako guda, nesa da dawakin sabuwar unguwa, ba hawa ba sukuwa, ko da hawan salla ya ƙarato. Safe da yamma a auna zafin jikinsa. In ya wuce digiri 38 da rabi, a kira likita a ranar.