A kawo gangamin lafiya na kaka kasuwar Illela

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan gangamin wayar da kai da ake yi duk shekara idan kaka ta kama. Oktoba wata ne na yaƙi da sankarar mama, ranar 24 ga watan ta shan inna ce, 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari, 20 ga Nuwamba kuma Najeriya ta ware ta don cutar noma mai zaizayar bakin yara. Muna ganin hotunan tattaki a Abuja da manyan birane, mata sanye da riguna ruwan hoda. Allah ya saka wa masu shiryawa da alheri. Amma matar da ke ƙauyen Illela da ƙullutu a mama ba ta Facebook, ba ta jin Turanci, kuma da wuya saƙon ya iso zauren gidansu.

Abin da ke damuna shi ne, an riga an san hanyar zuwa wannan gida. Masu rigakafin shan inna sun san ta. Shekara da shekaru suna bi ƙofa-ƙofa, suna tsayawa a tasha da bakin iyaka suna ɗiga wa yaran da ke shiga da fita tsakaninmu da Birnin Ƙonni. Da mutane suka yi ta gardama, ba a shawo kansu da allon talla ba. Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ne ya sa baki, hakimai da masu unguwanni da limamai suka bi, har aka kai watan Agustan 2020 da aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Haka da damina, ma'aikata ke bi gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Me zai hana baiwar Allahn da ta shiga cikin gida da wannan magani a koya mata ta zauna da uwar yaron minti biyar, ta nuna mata yadda za ta shafa mamanta ta ji ko da ƙullutu, sannan ta buɗe bakin yaron ta duba dasashinsa?

Maganar dasashin nan ita ta fi tsaya mini a rai. Noma ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, waɗanda yunwa ko ƙyanda ko zazzaɓi suka raunana, wato daidai halin da yaranmu da yawa ke fitowa daga damina da shi. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kumatu, cikin 'yan kwanaki ta ci nama har ƙashi. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Idan an bari, mafi yawan yaran ba su rayuwa, wanda ya rayu kuma sai a ɓoye shi a ɗaki don gudun idon mutane. Ga asibiti na musamman domin wannan cuta a cikin garin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da shi tun 2014, ana magani da tiyata kyauta. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Duk da haka, iyaye da yawa a nan sai fuska ta ɓule suke jin labarin asibitin, bayan an gama shafe-shafe da hayaƙi.

Ta sankarar mama kuwa, kunya ce ke fara cin mace kafin ciwon. Ba ta iya faɗa wa maigida, in ta faɗa ma sai an nemi kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai a ce a bari a ga hali. Shi ya sa nake ganin wa'azin ba na mata kaɗai ba ne. Izinin fita da kuɗin hanya a hannun maza suke, kuma ba lokacin da kuɗi ke hannun manomi kamar kaka, ya kai gero da wake kasuwa. Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, amma likita ne ke tantancewa, ba wanzami ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da ƙaramar hukumarmu da ƙungiyoyin da ke shirya waɗannan ranaku, su ɗauko ko da kaɗan daga abin da ake kashewa a birni su kawo kasuwar Illela ta ranar Lahadi. A can ne Bahaushe da Bafulatani da Buzu, na Najeriya da na Nijar, ke haɗuwa ba tare da an gayyace su ba. A kafa rumfa mai labule da ma'aikata mata don duba mata, a auna sukari da hawan jini, a duba bakin yara, a yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara a ƙasar nan a Oktoban 2023. A ba sanƙira saƙon da Hausa da Fulatanci, a roƙi limamai su ambata shi a huɗubar Juma'ar da ta gabaci kasuwar. Wadda aka samu da alamar ciwo kuma, kada a sallame ta da takarda kawai: a haɗa ta da wanda zai karɓe ta a Sakkwato, a faɗa wa maigidanta ranar zuwa da abin da za a kashe.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Illela, Jihar Sakkwato.