An Buɗe Musu Ƙofa, Saura Littafi

Masu iya magana sun ce ilimi gishirin zaman duniya. In haka ne, bai kamata a zuba wa wani gishirin a miya, a bar wani da lami ba. Abin da muke so mu yi tunani a kai a wannan shekara shi ne halin da ’yan’uwanmu makafi, kurame da guragu suke shiga bayan sun sami shiga jami’a, musamman wajen littattafai da takardun darasi.

Da farko dai mu gode wa Allah saboda nisan da aka yi. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, ba mu da jami’a ko ɗaya. Wanda yake son digiri sai ya nufi Kano ko Zariya. A 2011 aka kafa Jami’ar Tarayya ta Dutse, a 2013 kuma aka kafa ta jiha a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami’ar Sule Lamido. A 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami’a, Kano kuma tana cikin cibiyoyin da ake yin ta. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da wa’adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama’a yadda kowa zai iya shiga, wa’adin kuwa ya cika tun 2024.

To, ƙofa ta buɗe. Amma shiga aji daban, samun abin da ake koyarwa a cikinsa daban. Kowa ya san yadda karatu yake tafiya a manyan makarantun ƙasar nan. Malami zai ba da takardun darasi, a kai shago a yi hoto, kowa ya sayi nasa. Yanzu ma sai wakilin aji ya ɗauki hoton shafin da wayarsa ya tura ta WhatsApp. Mai ido ya huta. Makaho fa? A wurinsa wannan takarda da farar takarda duk ɗaya ne. Dole ya nemi abokin da zai karanta masa, ranar da abokin yake fama da nasa karatun kuwa, sai ya zauna jugum. Kurma yana ganin bakin malami yana motsi awa biyu, ya fita bai tsinci kome ba. Gurgu kuwa, in ɗakin karatu yana bene, littafin yana nan amma ya fi ƙarfinsa. In sun faɗi jarrabawa, sai a ce ba su da ƙoƙari, alhali ba a ba su abin da aka ba sauran ba.

Abin lura shi ne maganin ba sabo ba ne. Louis Braille, yaron Faransa da ya makance yana ƙarami, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun makafi mai ɗigo 6 a 1824. A ƙasarmu, mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A Kano ma mishan ɗin SIM ya kafa asibitin ido a 1943, wanda yau ECWA take riƙe da shi. Ashe mu da muke makarantar mishan gadon gida muke magana a kai. Waɗancan bayin Allah ba su da kwamfuta, suka yi abin da suka yi. Mu da muke da ita, wane uzuri za mu kawo?

A yau akwai manhajar da take karanta wa makaho abin da yake kan kwamfuta ko waya da murya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna NVDA, wasu makafi biyu ’yan Ostireliya ne suka yi ta, kyauta kuma ake samun ta. Sai dai tana karanta rubutun da aka buga harafi-harafi ne. In aka ba ta hoton takarda, musamman wanda ya yi duhu ko rubutun hannu, sai ta yi shiru ko ta yi ta shirme. Saboda haka babban gyaran yana hannun malami: darasin da ya buga a kwamfutarsa, ya ba ɗalibin ainihin abin da ya buga ɗin tun farkon zango. In akwai zane ko taswira, ya rubuta bayaninsa da kalmomi. Kurma kuma a ba shi darasin a rubuce kafin a shiga aji, a samo masa tafinta mai maganar hannu. Dokar haƙƙin mallaka ma ba ta hana ba, domin Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh a 2017, sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta yarda a juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita.

Wasu za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne injin buga Braille yana da tsada, albashin tafinta ma ba wasa ba ne, waɗannan kuwa nauyin hukumar jami’a da gwamnati ne. Amma miƙa wa ɗalibi darasin da aka riga aka buga ba ya cin ko kwabo. Wasu kuma za su ce ai irin waɗannan ɗalibai ’yan kaɗan ne. Muna tambaya, me ya sa suke kaɗan? Uban da ya ji labarin wahalar da ɗan maƙwabcinsa ya sha, ba zai tura nasa ba. Muna jin zafin ganin makafi suna bara a bakin kasuwar Shuwarin. To, kada mu yi kukan bara da baki ɗaya, mu rufe littafi da hannu. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu ₦7,000 duk wata, abin a yaba. Amma tallafi yana ciyar da mutum ne, ilimi kuwa shi zai sa ya ciyar da wasu.

Mu masu bi muna da ƙarin dalili. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe. A Markus sura 2 kuma mun karanta labarin mutum huɗu da suka ɗauko abokinsu shanyayye, da taro ya hana su shiga ta ƙofa, suka buɗe rufin gida domin su kai shi gaban Yesu. Ba su tsaya jin tausayi kawai ba, sun nemi hanya.

Saboda haka muna kira ga ’yan aji shida masu shirin tafiya jami’a: in kun tarar da makaho ko kurma a ajinku, ku tambaye shi abin da yake bukata, kada ku yanke masa. Ku buga masa darasi, ku karanta masa littafi a waya, ku raka shi wurin malami. Mu malamai mu fara daga nan, mu riƙa ajiye darussanmu a buge. Ikilisiya kuma, ƙungiyar matasa da zumuntar mata za su iya haɗa kuɗi su saya wa ɗalibi ɗaya kwamfuta, ko Kirista ne ko Musulmi. Hukumomin jami’o’inmu na Dutse da Kafin Hausa kuwa, roƙonmu shi ne su mai da wannan ƙa’ida a rubuce, kada ya zama alfarmar da sai malami ya ga dama.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu zuciyar yin wannan aiki, amin.